Sunan da Madam Edith Ta Ƙi Gogewa

Ƙarfe bakwai da rabi Madam Edith ke sauka daga Keke Napep a ƙofar firamarenmu ta Jambutu, da rajista a hammata. Ta buɗe tagogi, ta share allo, sannan ta fara kiran suna. Shekara talatin da biyu ke nan, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Darasinta na farko ga kowane aji shi ne kalmar Turancin da yara ke amsa kira da ita, present, wadda bakinmu ya mayar "firezan". Takan ɗaga yatsu uku ta ce ma'anarta uku: ina nan, sai kyautar da aka miƙo maka, sai lokacin da kake ciki yanzu.

A 2014, da muka gudo daga Mubi, ajinta ya cika har bakin ƙofa. Da ta tambayi sunana sai na ba ta biyu, nawa da na ƙanwata Basma, wadda hannunta ya suɓuce daga nawa a hanya. Ta rubuta duka. Kowace safiya sai ta kira Basma, ta jira, aji ya yi tsit har mu ji ƙuda na bin gilashi. Hedimasta ya ce ta goge sunan, ta ce sai ranar da aka nuna mata kabari.

Wata Talata ta kira, sai wata siririyar murya ta amsa daga bayan aji. Muka waiga. Babu kowa a bencin ƙarshe, sai tabarmin 'yan gudun hijira masu kwana a makarantar, a naɗe. 'Yar ajinmu Jemimah da ke zaune kusa har yau tana rantsuwa ba ita ba ce. Madam ba ta nemi bulala ba. Ta sa alama a rajista, ta ce, "Mun ji ki. Kowa ya buɗe littafi."

Ke ce kika hana mu watsewa da gudu ran nan, Madam. Uwar aji, mai ƙirga har wanda bai iso ba.

Basma ba ta dawo ba. Da na haihu, Gogona ta ce sa wa jaririya sunan Basma tamkar sallama mai shi ne. Na dai sa.

Bara na kai yarinyar makarantar. Sai da na zagaya katanga, na duba makullin ƙofa, sannan na laɓe a taga. Madam na bin rajista har ta iso sunan, biro ya tsaya mata. Ta kira a hankali, yadda take yi a da.

"Firezan, Ma," in ji 'yata.

Ta ɗago ta gan ni. Yatsu biyu kawai ta nuna mini, ma'ana ta biyu ke nan: kyauta.

Mun gode, Madam, Allah ya saka. Ku kuma malamai, in yaro bai amsa ba, ku bi sawu ku ji dalili kafin ku ja layi a kan sunansa.