Matar da Muka Bari a Hanyar Shinkafi

Wata uku ke nan da Yaya ya iya mota ranar da na raka shi Shinkafi. Kawunmu ne ya koya masa a Ƙaura, ya ba shi tsohuwar motarsa, da sharaɗin buhunan gero kaɗai zai riƙa ɗauka har hannunsa ya faɗa. Wannan ce tafiyar kaya ta ƙarshe. Alhamis mai zuwa zai fara ɗaukar mutane.

Ni na gama sakandare ina zaune gida, shi ya sa aka ba ni riƙon waya. A hanyarmu direba ba ya tafiya haka nan. Sai ya yi ta kiran wanda ke gabansa, ya ji ko hanya lafiya, ko an ga mutanen daji. Dokar Kawu ita ce wayar ta zauna hannun wanda ke kusa da direba, shi direba nasa titi ne.

Mun fita da hantsi. Yaya yana ta tsokanata, wai kwandastar da ba ta iya ɗaga buhu ba. Da muka yi nisa sai motoci suka ɗauke, ba mai tahowa daga gaba ko ɗaya. Na lura ya bar dariya. Dawa ta yi tsawo gefe da gefe, ba ka hango komai bayanta.

Sai waya ta yi ƙara. Direban da ke gabanmu ne, muryarsa tana yankewa. Kalmar babura kawai na ji.

"Mi ya ce?"

"Yaya, ban ji ba, tana katsewa."

"Ke ba ki iya tambaya ba! Miƙo nan."

Na miƙa masa. Wannan ne abin da ke hana ni sukuni, ba fizgewa ya yi ba, ni na miƙa. Ya manna ta a kunne, hannu ɗaya a sitiyari, idonsa a kan gonakin hagu, yana ta cewa "Ina? Wane wuri?" Ƙafarsa kuwa sai ƙara danna mai take yi, ban jin ya ma sani.

Ni na fara ganinta. Dattijuwa ce da zane shuɗi, da damin itace a kai, tana tafiya a bakin kwalta ta wajena. Na buɗe baki, salati ne ya fito maimakon in ce ya kauce. Wani abu ya bugi motar, madubin wajena ya tashi, itace ya watse a gilashi. Na waiwaya. Tana kwance a gefenta, ƙafa ɗaya a kan titi.

"Yaya, tsaya! Mutum ce!"

"Ba a tsayawa nan. Kin sani ba a tsayawa."

Na sani. Kowa ya sani. Ina kallonta tana ƙanƙancewa har hanya ta karya. Ban ga ta motsa ba, amma ƙura ta tashi, ƙila ta motsa ban gani ba.

Da muka isa Shinkafi muka tarar da direban nan yana shan shayi. Ashe baburan 'yan kasuwa ne masu tahowa daga wajen Jangeru. Yaya ya sauke buhunan. Da za mu koma ya bi ayarin motoci, ya ce in sunkuyar da kai idan mun zo wurin. Ban sunkuyar ba. Itacen yana nan warwatse, ba wanda ya tsince shi. Ita ba ta nan.

A gida ya ce akuya ce ta karya madubi. Ya kalle ni, na ce akuya ce.

Kwana shida ina ɗauke da wannan akuyar. Ranar Laraba na ji maƙwabciyarmu tana roƙon Inna a ajiye mata gidan gaba a motar Yaya, ita da goyonta, za ta asibiti gobe. Bayan la'asar na sami Baba a zaure, na durƙusa, na faɗa masa duka, har da miƙa wayar.

Bai yi faɗa ba. Ya aika aka kira Kawu da Yaya, da suka zo Baba ya shimfiɗa tafin hannu, Yaya ya ɗora makulli a kai. Da Yaya zai fita ya tsaya kusa da ni.

"Kin kyauta, ƙanwata," ya ce. Har yau bai sake yi mini magana ba.

Kawu ya bi ƙauyukan wajen yana tambaya. Biyu daga ciki babu kowa, mutanen sun tashi tun bara. A na ukun aka ce masa sun ji an ɗauki wata tsohuwa a amalanke, amma ba tasu ba ce, ba su san inda aka kai ta ba. Ya ce zai koma idan hanya ta yi sauƙi. Sati biyar ke nan, bai samu ya koma ba.