Ɗakin da Malam Ya Gina Ba Ƙofa

Ku matso kusa, 'ya'ya da jikoki, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani. Abin da ya sa na tono ta, makon jiya jikana Yakubu ya zo daga Gwarimpa da zanen gyaran gidan nan a cikin wayarsa, wai in ba shi shawara. Ya nuna mini inda falo zai zauna da inda za a sa kicin. Na ce ina ƙofar ɗakin tsakiya? Ya ce ai toshe ta za a yi, ta karkace.

Kun san kakanku Malam Tanko, mijina, wanda duk Kwali ke kira Baba Ina-Ƙofa. Ba ya rabuwa da sandarsa, kuma ba don ƙafa yake riƙe ta ba. Baƙo na gama gaisuwa, kafin ma a kawo masa ruwa, Malam zai share ƙasa da tafin ƙafa, ya zana ɗaki mai kusurwa huɗu, ya ɗago kai ya ce, "To, a ganinka ina za a sa ƙofa?" Ya tambayi liman, ya tambayi fasto maƙwabcinmu, ya tambayi mai kawo mana kalanzir. Har wani mutum da ya ɓata hanyar Sheda ya tsaya tambaya, bai bar wurin ba sai da ya faɗi ra'ayinsa. Mutum ɗaya ne a garin nan bai taɓa tambaya ba, ita ce wadda za ta kwana a ɗakin, wato ni.

Lokacin a tsohon ɗakin ƙasa muke, wanda mahaifinsa ya bari. Bangon gabas ya tsage, tsagar da nake hango mai wucewa ta cikinta. Kowace damina sai ta ƙara buɗewa, ni kuma in ta cusa tsumma ina kallon sama. Idan na yi maganar a gina sabon ɗaki sai ya ce in yi haƙuri, ta ƙofa ake shigo da amarya, ta ƙofa ake fitar da gawa, ba abin da za a yanke a tsaye ba ne.

Liman ya ce gabas. Fasto ya ce kudu, saboda iska. Ogan da ke sayar da siminti ya ce ta kalli titi, wata rana a mai da ɗakin shago. Malam ya yarda da kowannensu, har zuwa lokacin da na gaba zai zo.

Da abin ya ishi 'ya'yansa, suka ɗauko wani mai zanen gidaje daga cikin gari, yaro mai ladabi, ya zo da takarda babba kamar tabarma. Malam ya riƙe ta a juye, ba wanda ya iya gaya masa. Yaron yana bayani yana cewa nan ɗakin kwana, nan kuma bayan gida a cikinsa. Malam ya sauke takardar a hankali.

"A cikin ɗakin?"

"E, Baba, haka ake yi yanzu."

"Yaro, yau na fara ganinka. Me na yi maka?"

Duk da haka sai da ya tambaye shi ƙofa. Yaron ya nuna yamma. Ra'ayi ya zama huɗu, bango ma huɗu, aka koma inda aka fara.

Rani na shigowa aka kawo bulo, aka kira Bitrus birkila. Bitrus ya ja igiya, ya tambayi inda zai bar wa ƙofa. Malam ya ce ya fara tukuna, yana tunani. Gini ya kai gwiwa, yana tunani. Ya kai ƙirji, ya ce akwai wani tsohon direba a Idu da bai ji ta bakinsa ba. Ranar da gini ya kai kai, Bitrus yana ciki, sai muka ji murya daga bayan bango tana cewa, "Baba, ni ta ina zan fita?" Malam ya zagaya ɗakin da sandarsa, ya dawo ya ce, "Kai da ke ciki, a ganinka ta ina ya fi?" Da tsani aka fitar da bawan Allah. Ya sauko ya ce shi kam ya gama nasa, ranar da aka samu ƙofa a aika masa.

Kafinta ya zo ya buga kwano. Ɗaki ya tsaya cif, sabo fil, da 'yan tagogi can sama, ba ta inda mutum zai shiga. Kazata ce ta fara tarewa. Ta bi ta taga ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, muka koma watsa musu dawa ta sama. Mutane na dariya, ni ban yi ba, domin a wannan shekarar autata Ladi ta dawo gida goyon ciki, cikin fari, kuma a ƙarƙashin bangon nan mai tsaga take kwana.

Na roƙe shi. Na sa yayansa ya yi masa magana, sai ya zana wa yayan nasa ɗaki a ƙasa. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsu, cikin Ladi ya sauka, ni kuma kullum idona na kan bango. Ko tsawa aka yi sai in ji ƙasa na zubowa kan kwanukana.

Ranar, bayan la'asar ne, Malam ya tafi kasuwa neman wani mai shawara. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, naƙuda ta kama Ladi. Ungozoma na shigowa ta kalli bango ta ce ita ba za ta karɓi haihuwa a nan ba. Tana rufe baki wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa kan tukunyar ruwa. Ladi ta riƙe zanina ta ce, "Inna, ɗakin zai faɗo mana."

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki taɓarya na nufi sabon ɗaki, bangon da ya fi kusa da ni shi na daka. Allah ya taimake ni bulon nan yashi ya fi yawa a cikinsa. Ina daka ruwa na dukana, matar fasto ta jiyo ta fito da tata taɓaryar, muka yi ta yi kamar masu sussuka har rami ya isa mutum ya sunkuya ya shiga. Kaji suka fito, muka shigar da Ladi. Kafin magariba yaro ya yi kuka. Tsohon ɗaki kuwa ya zauna ƙasa gaba ɗaya, da gadona da komai.

Malam ya dawo a jiƙe. Ya tsaya kan tarin ƙasar nan yana tambayar inda muke. Da aka ce masa kowa lafiya, sai ya je ya duba ramin, ya auna shi da sanda, ya gyara murya ya ce, "Asabe, kin ga, da ma nan nake tunani."

Bitrus ya zo ya gyara bakin ya sa ƙyaure, amma karkacewar ba ta fita ba. Daga baya duk baƙon da ya zo, Malam zai kai shi ya nuna masa, ya ce sai da ya tara shawarar masana kafin a sa ta nan.

Bitrus yanzu ya tsufa, 'ya'yansa ke gini, kuma an ce ba sa ɗora bulo sai an nuna musu ƙofa. Matar fasto ta koma garinsu, muna gaisawa ta waya. Ladi na Gwagwalada da 'ya'yanta. Yaron da aka haifa ranar shi ne Yakubu mai zanen waya. Jiya na zaunar da shi na gaya masa duk wannan, ya ce za a gyara ko'ina amma ƙofar ɗakin tsakiya ba mai taɓa ta.

Malam kuwa a ɗakin ya yi jinyarsa. Ana saura kaɗan ya rasu ya kalli ƙofar ya ce mini, "Da na sani, da ke na fara tambaya." Ta nan aka fitar da shi, sai da aka ɗan karkata makarar kafin ta wuce.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya buɗe masa ƙofar rahama ba tare da jira ba. Amin.