Yaman da Yamma

Ranar Talata ce. Mun yi asuba a bakin tanti, mai gidan aikinmu Mu'allim Sa'id ya ja mu salla, aka ɗora shayi. Mu goma sha huɗu ne, leburori, an kwaso mu a bayan babbar mota daga Jidda zuwa duwatsun da ke kudu da Ɗa'if. Itacen ar'ar muke sara, Mu'allim yana kai wa magina su yi azara. Dajin a cunkushe yake, bishiya kan bishiya, busasshen ganye har idon sawu. Shekarar ba a yi ruwa ba.

Sunana Usmanu, a unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ni. Shekarata shida ina bin Mu'allim. Garba kuwa ɗan kawuna ne, wata takwas da zuwansa daga ƙasar Katsina. Ya yi hajji ya zauna gidanmu. Larabcinsa bai wuce sallama da halas, wato an gama, ba. Ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Duk abin da Mu'allim ya faɗa, ni ke juya masa.

Ba zan ɓoye muku ba, kishinsa nake yi. Tun da ya sauka Inna ta manta ta haifi ɗa. Su zauna a tsakar gida suna zuba Hausar ƙauye, tana dariya har da hawaye, in na sa baki ta ce tawa Hausar ta Larabawa ce. A daji ma haka. Kafin in kayar da bishiya biyu ya kayar da biyar. Gatarin da na shekara uku ina wasawa, Mu'allim ya karɓe ya miƙa masa. Ga tsokana irin ta taubashi: Balaraben Nuzla, mai hannun amarya. Ana dariya ina dariyar yaƙe.

Ƙarfe tara da rabi hayaƙi ya taso daga kwarin gabas. An ce ramin gawayi wani ya bari a buɗe, har yau ban san gaskiya ba. Jakunan da muke jan itace da su suka fara fizgar igiya. Ƙarfe goma muka ji ƙarar, kamar babbar mota tana hawan tudu ba ta sauya giya.

Mu 'yan birni ne. Gobarar da muka sani ta bukkar katako ce, a yi layi da bokiti. Muka tsaya da garwa biyu a hannu muna kallon juna. Garba ne ya motsa, shi da ya tashi cikin ƙunar daji. Ya ja layi da ƙafarsa. Ya ce in faɗa wa Mu'allim a share ƙasa faɗin taku goma daga wancan dutse zuwa wannan, a kayar da duk abin da ke tsaye, sannan mu kunna tamu wutar a bakin sharar ta je ta tarbi babbar. Na faɗa da Larabci mai kyau, kamar dabarar tawa ce. Mu'allim bai ko dube ni ba. Idonsa na kan Garba.

Muka yi sara har tafin hannu ya fashe. Mutanen ƙauyen da ke kudu suka hauro da magirbai suka shiga layi. Sha biyu da rabi Garba ya kunna. Wutarmu ta rarrafa, babbar ta janye ta, suka haɗu a tsakiyar kwari da ƙara guda. Ƙarfe ɗaya harshen wutar ya kwanta. Mu'allim ya kama kan Garba ya sumbata a gaban kowa, ya ce daga yau shi ne ra'is, shugaban leburori. Ya juyo gare ni in fassara. Da bakina na faɗa masa. Shekara shida nake jiran wannan kalma.

Biyu saura kwata iska ta juya. Tartsatsi ya tsallake sharar ta saman bishiyoyi. Ar'ar yana da ƙaro, ba ya ci a hankali, gaba ɗaya yake kamawa. Rana ta koma ja. Mu'allim ya haye dutse yana ihu.

"Yaman! Yaman! Yalla!"

Mutanen Hijaz, yankin su Jidda, kudu suke kira yaman, arewa kuwa sham. Kowane ɗan Jidda ya san wannan tun yana goye. Kudu gonakin ƙauye ne, an girbe, ba abin da wuta za ta ci. Yamma kuwa ba hanya. Bakin dutse ne, gangaren da ya faɗa filin Tihama can ƙasa, tsuntsu kaɗai ke sauka.

Garba yana ƙarshen layi shi kaɗai, taku sittin daga inda nake. Na ga ya ɗaga kai yana neman rana cikin hayaƙi. Ya ɗago mini hannu.

"Yamma?"

Na ji shi. Wallahi na ji shi sarai. Abin da ya zo raina shi ne, ai ra'is ne, ya gane da kansa. Bari ya yi taku ashirin ya dawo, sau ɗaya dai a yi masa dariya shi ma. Numfashi uku na ja ban amsa ba. Ya ɗauka shiruna i ne. Ya juya da gudu.

"Kudu! Garba, kudu!"

Bishiya ta kama a tsakaninmu. Ni kaina ban ji muryata ba. Na zabura zan bi shi, Hamidu, wani Bahaushen Sudan da muke aiki tare, ya shaƙe ni ta baya ya ja ni ƙasa. Muka gangara muna faɗuwa muna tashi. Rigata ta kama a kafaɗa, wani ya kashe da tafin hannu. Jaki ɗaya ya wuce mu bayansa yana ci. Biyu da rabi muka zube a gona. Mu'allim ya ƙirga mu. Ya sake ƙirgawa. Goma sha uku.

Kwana biyu muna share bakin gonaki tare da mutanen ƙauye, irin yadda Garba ya nuna. Wutar ba ta tsallake ba. Ta ci abin da za ta ci, ta mutu a jikin duwatsu. Ranar Juma'a da hantsi muka same shi a bakin gangaren. Ya share ƙasa kewaye da kansa da hannu, faɗin tabarma. Wuta ba ta taɓa fuskarsa ba, hayaƙi ne ya gama da shi. A maƙabartar ƙauyen muka rufe shi, babu wanda ya san sunan ubansa a wurin sai ni.

Mun rasa tanti biyu, jaki uku, saran wata guda, da Garba. Ya bar mata da 'ya ɗaya a ƙasar Katsina.

Mu'allim da kansa ya je Nuzla ya faɗa wa Inna. Ya ce yaron bai fahimci magana ba, ya ce Usmanu ya so komawa cikin wuta sai da aka danne shi. Inna ta dube ni ta ce, ba kai ke faɗa masa ba? Na ce hayaƙi ne, Inna, bai ji ni ba. Ta yarda. Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan haka, kullum tana sa mini albarka saboda ɗan ƙaninta.