Kwana Goma na 'Yar Toka

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Alhamis, mako uku bayan saukar ruwan shuka, aka yanke wa kyanwata hukunci a tsakar gidanmu da ke Illela. Na san sa'ar domin sai da Baba ya ciro agogon aljihun da ya sayo a Kwanni ya duba, sannan ya yi magana. Mu huɗu ne a wurin, ban da jariri: Baba yana tsaye bakin rumbu, Inna tana goye da ƙanena Sani mai wata huɗu, kakata Ige tana kaɗi a kan tabarma, ni kuma, ina 'yar shekara tara, ina rungume da 'Yar Toka. Farkon mulkin Ingilishi ne, ba a daɗe da kafa alamun iyaka tsakaninmu da ƙasar Faransa ba. Baba ya ce, "Nan da kwana goma zan koma Kwanni da jakai. In ba ta warke ba, buhu za ta shiga, in sake ta can bayan iyaka. Ba ta shafa wa yaron ga ƙazuwa ina kallo."

Ba zan ce ya yi zalunci ba, domin ganin ta a lokacin ba daɗi. Kowace damina, da ciyawa ta fito ƙuma ta yi yawa, sai ta fara susa, in an yi girbi kuma ta lafa. Amma a wannan shekara abin ya wuce yadda muka sani. Ta sosa wuya da bayan kunne har jini, gashin cikinta ya zube saboda lasa, tana amai a gindin turmi, ba ta iya kwanciya wuri guda ko na ɗan lokaci. Ni ma haka na koma, ba zama wuri guda. In aka aike ni rijiya da gudu nake dawowa, tulu rabi. A makarantar allo na kasa riƙe aya biyu, har malam ya tambayi ko ciwo ne da ni. 'Yan uwana mata suna gaɗa a ƙofar gida, ni ina leƙen ƙarƙashin rumbu.

Kaka ce ta ɗauki maganar. Ta duba kunnen kyanwar, ta buɗe gashin bayanta, ta kama hannuna ta duba tsakanin yatsuna, sannan ta ce, "Wannan ba ƙazuwa ba ce. Da ita ce, ke da kike kwana da ita tun bara da kin riga kowa susa. Cuta biyu ta haɗu mata, ɗaya daga ciyawa, ɗaya daga ƙwarya." Ta tsara mini aiki, kuma har yau ina iya jero shi yadda ta faɗa. Da farko in share ɗakin ajiya, in ƙone tsummokaran da take kwana a kai, in shanya tabarmi a rana, in barbaɗa toka a kusurwoyi. Na biyu in tsefe ta da safe in kashe ƙumar da na samu, in goge mata ƙafafu da ciki da jiƙaƙƙen ƙyalle, in shafa man kaɗe a gyambon. Na uku, wanda ta ce shi ne babba, a yanke mata fura da nono da busasshen kifi, a bar ta da abu ɗaya tak, dafaffen huhun akuya ba gishiri ba yaji, kuma a rufe ta a ɗakin kada ta shiga gona.

Na bi tsarin nan ban tsallake komai ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, ƙuma ta ragu amma susa tana nan. Ranar ta biyar na tarar da sabon jini a wuyanta da amai fari a bakin ƙofa. Na zauna na yi kuka. Kaka ta dubi aman da kyau ta ce, "Huhu ba ya yin fari, ɗiyata. Gobe kada ki je rijiya. Ki ɓuya ki gani."

Washegari da hantsi na laɓe bayan rumbu. Inna ce ta fara zuwa, ta waiwaya hagu da dama, ta tura ludayin fura ta ƙasan asabari. Ba a jima ba sai ga Dije, Bafillatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Araba, domin a wannan daminar sun sauka kusa da mu. Al'adarta ce ta zuba wa kyanwar gida ludayin farko kafin ta auna wa kowa, wai don kasuwa ta yi albarka, kuma rufe ɗaki bai hana ta ba. Ina shirin fitowa sai na ji takun da na sani. Baba ne, mai agogo da buhu, ya durƙusa da babbar rigarsa a ƙasa yana tura ragowar kindirmonsa cikin kasko yana kiran ta a hankali.

Na fito na ce, "Baba, kai ma?" Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Ni ma mi? A kulle dabba a gidana tana kuka, ki ce in wuce? Mi zan faɗa wa Allah?" Kowa a garinmu ya san abin da malamai ke faɗi a kan wanda ya tsare kyanwa da yunwa, kuma kowane ɗaya cikin su ukun ya ɗauka shi kaɗai ne ke ceton gidan a ɓoye. Ashe tun da aka rufe ta, nonon da take sha ya fi na da yawa.

Kaka ba ta yi faɗa ba, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce wa Baba, "Ummaru, kai ne alƙali kai ne ɓarawo." Daga nan ta raba huhun kashi uku a faifai: na safe Baba ne zai bayar da hannunsa, na hantsi Dije, na la'asar Inna. Wanda ke neman lada ga lada nan, amma daga faifan Kaka. Dije ta yi ta gunaguni, wai tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin nono ya cuci mai rai ba, amma ta karɓa.

Saura kwana huɗu, kuma ban san zama ba a cikinsu. Safiyar ta goma an ɗaure wa jakai kaya, Baba ya shigo da buhu a kafaɗa ya ce a fito da ita. Ba ta warke sarai ba, gashi bai tsiro ba, amma gyambon ya bushe ya yi ɓawo, aman ya tsaya, kuma da aka ajiye ta a rana ta miƙe ƙafafu ta yi barci a gabansa. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce wa Inna ta zuba masa albasa a buhun, ya kora jakansa ya tafi.

Bayan girbi, da gashinta ya dawo, Kaka ta gwada ta da kifi har mako guda, ba abin da ya faru. Ta gwada ta da nono, kwana biyu susa ta dawo. Daga ranar ba ta ƙara ɗanɗana shi ba. Susar damina kuwa ba ta rabu da ita ba, amma shara da tsefewa da gogewa suna riƙe ta har a yi girbi. 'Yar Toka ta ga Sani ya fara zuwa makarantar allo kafin ta mutu.

Yau akwai likitan dabbobi da allura da magani a kwalba, kuma ban raina su ba. Abin da na rasa shi ne gidan da mutum uku za su saci hanya don kada kyanwa ta kwana da yunwa, da tsohuwar da za ta zauna ta duba amai. Yanzu da dabba ta fara zubar da gashi sai a kore ta bakin kasuwa. Ina roƙon mai karanta wannan, in taka ta fara susa, kada ka yi saurin yar da ita. Ka lura da lokacin da abin ke tashi, ka rage mata abinci ya koma iri ɗaya, sannan ka tara mutanen gidanka ka tambaye su, ɗaya bayan ɗaya, wa ke ba ta abu a ɓoye.