Kawu Mai Walda, Wanda Ya Fito da Tsofaffinmu Waje

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ina tsakiyar yankan yadi a shagona, maƙwabcinmu direba ya leƙo ya ce Kawu Mai Walda ya cika, bayan jinyar wata biyu. Na ajiye almakashi, ban iya sake ɗaukarsa ba har yamma.

Kawu, jini bai haɗa mu ba, amma haka kowa yake kiranka a layinmu, har waɗanda suka girme ka. Sama da shekara talatin rumfarka tana bakin layi, kana gyaran ƙofofi da tagogi da ƙafafun kujeru. Kana da faɗa, wannan ba zan ɓoye ba don ka rasu. Wanda ya kawo maka aiki yana gaggawa, sai ka nuna masa hanya da sandar walda.

Abin da ba zan manta ba ya faru shekara goma sha biyu da suka wuce. Mahaifiyata, Inna, ta taka ruɓaɓɓen katakon da muke tsallaka kwata da shi a ƙofar gida, ta faɗi, ƙugunta ya karye. Ƙashi ya ɗinke, amma tsoro ya hana ta fita. Wata takwas ba ta leƙa waje ba. Yayana ya yanke shawarar ɗauke ta zuwa gidansa, hawa na uku a wata unguwa mai nisa. Inna ba ta musa ba, sai dai ta daina cin abinci sosai. Ɗakin nan ta shekara arba'in a cikinsa, ko tari aka yi a bayan katanga ta san na wane ne.

Mun fara ɗaure kaya ke nan ka shigo da tef da alli. Ka gaishe ta, ka juyo ka ce da ni, "Tela, ku ba ni kwana huɗu kafin ku ɗauke ta."

Ka yanka wata tsohuwar ƙofar ƙarfe ka shimfiɗa a kan kwatar, ka bi ta da ɗigon walda don kada ta yi santsi. Ƙarfen dafawa da ka kafa mata a gefe kuwa, sau biyu ka sare shi, domin Inna gajera ce, ka ce sai ya zo daidai gwiwar hannunta. A rana ta biyar ka lallashe ta kuka taka zuwa kemis, kana biye da ita a hankali, duk inda ta tsaya numfasawa ka zana alli a ƙasa. Wuri uku ta tsaya. Ka tattara guntayen rodi, kafinta ya ba da katako, direba ya yi dako, kuka yi benci uku masu majingina.

Ɗaya daga cikin zanen allin a ƙofar shagona ya faɗa. Na ƙi. Na ce 'yan zaman banza za su taru su kore mini masu kawo ɗinki. Ba ka ko ɗaga tabaran walda ba ka ce, "Wadda ta tsaya a nan ita ta haife ka. Je ka gaya mata ta ƙara gaba." Na koma kan keken ɗinkina.

Bencinan duk ka shafe su da fenti rawaya, ragowar wani aiki. An yi ta yi maka tsiya, wai ka mai da layi kamar tashar mota. Ka ce idon tsoho shi ya fi gani, mai son kyau ya sayi madubi.

Sai ga mutanen da muka ɗauka sun yi tafiya, ashe suna cikin ɗaki. Tsohon ɗan sanda ya fito da rediyonsa. Tsohuwar ungozoma ta fito, tana nuna magidanta masu gemu tana faɗin yadda kowa ya yi kuka ranar da ta karɓe shi. Malamin makaranta mai ritaya yana karanta musu jarida, suna musu kamar za su daku. Inna kuwa daga bencinta take duba ɗinkina, tana cewa wuyan rigar nan ya karkace. Yayana ya zo da mota, ya same ta tana dariya, ya zauna kusa da ita, ya koma shi kaɗai. Ta ƙara shekara bakwai, kuma a ɗakinta ta rasu, hannunta cikin na ungozoma.

Daga nan ba ka tsaya ba. Ka rage tsawon matakalar kemis, ka sa ƙarfen dafawa a banɗakunan gidajen da ban san adadinsu ba. Da wani jami'i ya zo ya ce a cire bencinan don babu takardar izini, ka ce ka yarda, amma shi zai tashi waɗanda ke zaune. Ya dube su, suka dube shi, ya naɗe takardarsa.

Jiya na je gaisuwa wurin matarka, Gwaggo. Da ta rako ni, na ga tana dafa bango tana sauka daga dandamalin ƙofarku da kyar. Ta lura da inda nake kallo, ta yi murmushi da hawaye a idonta, ta ce shekara biyar kana cewa gobe za ka yi nata, kullum sai wani ya riga ta. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Mun yi magana da kafinta da direba. Ba mu iya walda ba, Kawu, amma ranar Asabar za mu nemo wanda ya iya, mu tsaya a kansa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka sauƙaƙa wa raunana tafiya, Allah Ya sauƙaƙa maka taka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, da 'ya'yanka, da jikokinka, da tsofaffin layinmu da ke zaune a ƙofar shagona tun ranar Laraba, rediyo a kashe. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.