Aron Fuskar Inna

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna, na ɗauko ta daga Zariya na dawo da ita wurina a Gwarinpa, saboda asibitin da ake mata gashin ƙashi ya fi kusa da ni. Ɗaki biyu nake haya a bayan gidan wani dattijo mai ritaya. Na ba ta ɗaya, na tattara littattafaina na koma ɗayan.

Wanda bai san Inna da lafiyarta ba, ba zai gane abin da ciwon ya ƙwace mata ba. Shugabar makarantar firamare ce har ta ajiye aiki, mace mai tsayi da murya, wadda ko shara za ta zubar sai ta saka kwalli. Ciwon ya karkatar mata da baki, ya naɗe mata hannun hagu a ƙirji, ya bar ta da yawun da ba ya jin magana. Abu na farko da ta sa ni shi ne cire madubi daga ɗakinta. Daga nan ta kafa doka: duk wanda ya zo dubiya a ce masa tana barci. In za mu asibiti sai ta ja mayafi har hanci. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce gashi kaɗai ba zai yi ba, in ba ta fita ta ga mutane ba zuciyarta za ta riga jikinta kwanciya. Na yi lallashi, na yi fushi, na kira ƙannenta a waya, duk a banza.

A ƙarshen layinmu akwai gidan wata 'yar fim. Tun ina sakandare nake ganinta a talabijin. Ta fara da wasan daɓe a jami'a, ta yi zamaninta tana fitowa a budurwar da samari ke faɗa a kanta, da shekaru suka ja aka mayar da ita uwar jaruma, mai leƙowa ta yi faɗa ta koma. Ganin haka ta fara rubuta labaranta da kanta. Tana kuma zane, garejinta ta mayar ɗakin aiki, warin fenti har titi. Ranakun Asabar ta cika mota da keken guragu da sanduna, ita da wata ƙungiyar taimakon marasa lafiya, su nufi Mararaba ko ƙauyukan Gwagwalada. Ni dai kallon mai neman suna nake mata. Mai ba da sadaka da mai ɗaukar hoto a bayansa bai taɓa burge ni ba.

Maman shago ce ta kai mata labarinmu. Wata 'yar Filato ce mai shagon kayan masarufi a bakin ƙofarmu, mai son mutane, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Wata rana da hantsi sai ga 'yar fim ta turo keke har ƙofar ɗakina, ita kaɗai, ba kwalliya ba mai kyamara. Inna ta aiko da saƙon da ta saba. Matar ta ce ba komai, za ta jira a farka. Ta zauna a tabarma daf da ƙofar Inna, ta ɗaga murya tana ba ni labarin wata shugabar makarantarsu da ta taɓa zane ta don ta kwaikwayi tafiyarta a filin taro. Tana bayarwa tana kwaikwayon matar, har da gyaran tabarau. Sai na ji wani sauti daga ɗaki wanda na manta da shi. Inna ce ke dariya.

"Shigo, marar kunya," in ji ta.

Daga ranar ta zama 'yar gida. Ita ta sa Inna ta koma saka kwalli, ita kuma ta fara tura ta zuwa bakin ƙofa bayan la'asar, ƙarƙashin mangwaron da ke gefen shago. Kafin wani lokaci Inna ta zama alƙaliyar layi. Ta gyara wa 'yan makaranta karatu, ta yi wa masu tura ruwa faɗan tsada, ta sasanta Maman shago da mai kawo mata burodi. Tana da wata al'ada da duk layin ya sani. Kafin ta yi magana sai ta kama bakin mayafi ta dangwale gefen bakinta, ta ɗaga haɓa. In hannun hagun ya zame daga cinya, sai ta ɗauko shi da na dama, ta ɗan bubbuga shi ta ce, "Zauna nan, malalaci." Mutane su yi dariya, ita ma ta yi. Na ji kunyar zaton da na yi wa matar nan, na kuma so ta har raina.

Na lura da yadda take zuba wa Inna ido, musamman hannun da bakin. Ban kawo komai ba, don ta fara zana ta. Da ta gama ta kawo hoton a naɗe cikin zani. Inna ce zaune tsaf, bakinta a daidai, hannayenta biyu a kan cinya, idonta ya sha kwalli, kamar yanzu za ta ce a kaɗa ƙararrawa. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a rataye shi inda madubi yake a da.

Bayan haka matar ta tafi ɗaukar fim a Jos, aka yi watanni ba mu gan ta ba.

A ofis na fara gani. Abokan aikina sun taru a kan waya ɗaya lokacin cin abinci, wata har tana share hawaye. Suka ce in zo in ga maƙwabciyata, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Na leƙa. Wata tsohuwa ce a keken guragu, bakinta a karkace. Ta kama bakin mayafi ta dangwale gefen baki, ta ɗaga haɓa. Hannunta ya zame, ta ɗauko shi ta bubbuga, ta kira shi da sunan da Inna ke kiran nata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta iya. Da ta yi shirme da na samu abin rainawa. Uwata ce sak, har yadda take haɗiye numfashi kafin kalma mai wuya.

Na dawo gida na ce wa Inna kuɗin talabijin ɗinmu ya ƙare. Wauta ce, don wanda ya rufe ƙofa bai rufe bakin unguwa ba. Washegari da yamma na tura ta bakin ƙofa kamar kullum, Maman shago ta fito da gudu tana tafa hannu.

"Mama, kai ne a television fa! Wallahi exactly kai ne, har yadda kana goge baki. Bari na nuna maka."

Kafin in buɗe baki ta juyo da ƙaramin talabijin ɗinta. Da zuciya ɗaya ta yi, a ganinta an karrama Inna ne. Mutane suka taru. 'Yan makarantar da Inna ke gyara wa karatu suka shiga bubbuga hannuwansu suna maimaita kalmar, suna dariya, ba da mugunta ba. Inna ta kalla har ƙarshe. Da aka gama ta ce in mayar da ita ciki, iska ta yi yawa.

Na sami 'yar fim ɗin a garejinta ranar da ta dawo, hannunta duk fenti. Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ta bari na gama. Ta ce ba ta ambaci sunan kowa ba, ta sauya gari, ta sauya labari. Ta ce tunda fim ɗin ya fito, iyalan da ke ɓoye majinyatansu a ɗaki suna cewa shafar aljanu ce sun fara kai su asibiti, kuma kekunan da aka aiko wa ƙungiyarsu har sun rasa wurin ajiyewa. Ta ce ta yi shekaru ba wanda ya ba ta rawar da za ta nuna abin da ta iya, sai da ta rubuta da kanta, kuma ba ta taɓa ganin jaruma kamar Inna ba. Duk gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Na tambaye ta ko ta nemi izinin Inna. Ta daɗe tana goge yatsunta da tsumma.

"Na ji tsoron za ta ce a'a," ta ce.

Ta zo da kanta neman gafara. Ta durƙusa a gaban keken tana kuka, ni kuma, Allah ya yafe mini, ina tsaye ina tunanin ko wannan ma aikin ne. Inna ta kai hannu za ta kama bakin mayafi, sai ta tsaya, ta mayar da hannun cinya. Ta bar yawun ya gangaro, ta yi maganar a haka, a hankali, kalma bayan kalma.

"Na yafe miki, 'yar nan. Ba ki yi mini ƙarya ba, kin iya aikinki. Amma fuska biyu kika yi mini. Mai kyan kin rataye mini a ɗaki inda ba mai gani sai ni. Mai karkataccen bakin kuma kin kai wa duniya."



Fim ɗin ya dawo mata da sunanta. An ba ta lambar yabo, manyan masu shirya fim suka koma nemanta, zane-zanenta suka shiga manyan otal na cikin gari. Har yau tana zuwa Mararaba ranar Asabar. A asibiti na haɗu da wata dattijuwa da ta ce mini albarkacin fim ɗin nan 'ya'yanta suka fito da ita daga ɗakin da ta yi shekaru a ciki. Na taya ta murna, kuma da gaske nake. Na dawo mota na zauna na rasa inda zan ajiye fushina, har yanzu ban sami wurin ba.

Inna ba ta sa an cire hoton ba. Kwallin dai ta daina, ta kuma daina yi wa hannun magana. In ya zame sai ta bar shi yana lilo har in zo in gyara. Maman shago ta ci gaba da share ƙarƙashin mangwaron duk la'asar, tana aiko yara su tambaya. Da ta gaji da aike, wata Lahadi bayan ta dawo daga coci ta zo da kanta har ƙofar ɗaki, da lemo a leda, tana cewa layin ya yi shiru, Mama ya fito mana ko na minti kaɗan.

Na shiga na tarar da Inna idonta biyu, tana kallon bango. Ta ji komai.

"Ki ce mata ina barci," ta ce.