Akwatin da Ke Kiran Shanun Bappa

A Tudun Kaya, idan aka hango Suhaibu tafe, ba nama ake ɓoyewa ba, tocila ake ɓoyewa. Tun yana ƙarami Allah ya jarrabe shi da son ganin cikin abu. Agogon masallaci, wayar yayarsa, duk sun ga hannunsa, kuma babu wanda ya tashi daga jinyar. Wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne Bappa, yayan mahaifinsa, mai shanu, wanda rediyonsa uku suka bi ta hannun yaron suka yi shiru har abada. Da aka ce Suhaibu ya samu jami'a zai karanta haɗa kayan lantarki, cewa Bappa ya yi, "Alhamdu lillahi, a je a ɓata na gwamnati."

A aji uku aka ba su wani darasi da babu jarrabawar takarda. Malaminsu, Dakta Nuruddeen, ya ce kowa ya ƙera na'urar da za ta magance wata matsala ta garinsu, ta kuma yi aiki a gaban idonsa. Wanda tasa ta ƙi, ya maimaita shekara.

Suhaibu bai sha wuyar neman matsala ba. Tsufa ya sa muryar Bappa ta dishe, shanunsa kuwa ba sa amsa kiran kowa sai nasa, don haka kullum da yamma sai tsohon ya bi su har fadama yana tari. Sai Suhaibu ya haɗa wani ɗan akwati mai lasifika, wanda zai naɗi kiran Bappa ya riƙa ƙwala shi idan an danna. Ya ƙona yatsu da dalma har ya gama, ya kawo shi gida, ya roƙi Bappa ya yi kiran a naɗa.

"Ni da girmana in tsaya ina yi wa gwangwani ihu?" in ji Bappa. "Saniya ake kira, ita ma sai ana ganin ta."

Dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Suhaibu ya rataye akwatin a jikin ɗorawar da Bappa ke tsayawa ya yi kira, sai dai babu batir. Hali kuwa zanen dutse: ya lallaɓa ya zare na rediyon Bappa na huɗu. Yana danna naɗi ke nan, sai ga tsohon da mataccen rediyo a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Suhaibu ya ranta a na kare, bai tsaya ba sai garin Rogo, ya bar akwatin a rataye, yana addu'ar Allah ya sa Bappa ya kira shanun bayan ya huce. Akwatin kuwa abin da ya fara ji kawai yake riƙewa.

Bai koma ba sai ranar gwaji, yana raɓe bayan Dakta. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi dabbobi da damina, sannan Suhaibu ya yi bisimilla ya danna.

"Suhaibu! Kai Suhaibu, sarkin ɓarna! Ina baturana? Wallahi in na kama ka sai ka gane kurenka!"

Ashe fushi ya dawo wa Bappa da muryar ƙuruciya, lasifika kuma ta ninka ta. Kunya ta lulluɓe Suhaibu, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Dakta yana cije leɓe ya zaro biro.

Can sai wata jar saniya ta ɗaga kai daga fadama. Kafin a ce kwabo garken gaba ɗaya ya taso da sassarfa, suka kewaye ɗorawar suna shinshinar Bappa. Tsohon ya ja malfarsa ya rufe fuska, don rabon da su rugo gare shi haka har ya manta.

Dakta ya ce na'ura ta yi aiki. Suhaibu ya matso a hankali. "Bappa, bari in goge, mu naɗi kira na mutunci."

Bappa ya gitta sandarsa tsakaninsa da akwatin, ya ce da disasshiyar muryarsa, "Taɓa ka gani. Abu ɗaya ka taɓa gyarawa a duniya."

Yanzu Suhaibu ya gama karatu, yana haɗa wa mutane wutar sola a Rogo, har ana kiran sa Injiniya. Amma duk yamma Tudun Kaya na jin ana tambayar sa batura, shanu kuma suna dawowa gida.